Sawun Baƙo a Kan Toka

Ana saura 'yan kwanaki a ɗauki azumin shekarar 2011, da hantsi, ina zaune a falon ɗiyata Balaraba a unguwar Mount Hope, nan ƙasar Turawa, hawa na biyar, sai talabijin ta nuno wata dabba kwance a gefen kwalta. Jikinta kalar yashin rafi, ba ɗigo ko ɗaya, ga wutsiya doguwa mai kauri. Na tambayi Balaraba wace irin damisa ce wannan da aka wanke mata zane. Tana ɗaure takalmi za ta tafi gidan tsofaffin da take aiki, ta ce puma ake ce mata, kuma wannan namiji ne, mota ta buge shi a jihar Connecticut, nan kusa da mu. Ta ce abin da ya ba Turawa mamaki shi ne babu irinsa a wannan yanki. Daga can yammacin ƙasar ya taso da ƙafa, ya keta gonaki da koguna shi kaɗai. Wai haka samarinsu suke, in sun bar uwa sai su yi ta tafiya har su sami dajin kansu da mace, shi kuwa bai tarar da kowa ba. Wai ba sa ruri irin na zaki, kuma in sun kashe barewa sai su rufe ragowar da ganye su dawo gobe. Na ce mata ai na san wannan saurayin. Ta yi dariya, ta ce, "Inna ke nan," ta ja ƙofa.

Ba wasa nake ba. Ni ban zauna a aji ba ko na yini ɗaya, amma tun ina da shekara tara nake karanta ƙasa, kuma ban ga ɗan bokon da zai kara da ni ba.

A hannun kakata Yalwa na tashi, a wani ƙauye kudu da Zariya. Uwata ta rasu ina goye, ubana ya tafi kurmi fatauci bai waiwayo ba. Gidanmu shi ne na ƙarshe, a gindin dutse, sai ka ratsa gonakin dawa uku kafin ka ji muryar wani. Yaran gari suna gaɗa a dandali, iska ta kawo mini guntun waƙar, ni kuwa ina tsinkar ganyen wake wa awaki bakwai. Carafke ma ni kaɗai nake yi, hannun dama ya kara da na hagu. Kaka ba mai yawan magana ba ce, sai dai ta kira ni "ƙawata", shi ke nan hirar yini.

Aikina na yamma shi ne in share bakin garke tas, in kwashe tokar murhu in barbaɗa ta siriri tun daga shinge har bakin hanyar dutse. Da asuba Kaka ta tsuguna ta duba wanda ya zo. A nan ta koya mini: kura tana barin farce, dangin kyanwa kuwa suna ɓoye nasu, dila yana tafe a layi kamar mai bin zare, bushiya tana jan ciki. In an ga wani babban abu, ka'ida ce a kai wa Sarkin Baka, shugaban maharba, tun rana ba ta yi zafi ba, domin ta wannan hanyar 'yan mata suke hawa dutse neman itace.

Wata safiya bayan girbi na riga Kaka fitowa, sai ga sawu kamar an kifa ƙaramar ƙwarya, yatsu huɗu, ba farce. Damisa ce, kuma namiji, alhali tsofaffi suna cewa rabon dutsenmu da damisa tun suna samari. Na bi sawun da ido. Ya zo har shinge, ya zauna, ga shatin wutsiyarsa ya share toka, ya tashi bai taɓa akuya ba. A jikin tsohuwar ɗorawa ya karce ɓawo, ya tona ƙasa da ƙafar baya ya yi fitsari, irin saƙon da namiji ke bar wa 'yan uwansa. To wa zai karanta? Ni kaɗai ce a wurin. Na ɗauko tsintsiya na shafe, na barbaɗa sabuwar toka.

Kwana takwas ina haka. Ina kwanciya da ɗoki, abin da ban taɓa sani ba. Na gane yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu ta gaba, na gane gada yake ci a bayan dutse, don na ga gashinta a kashinsa. Wani lokaci da magariba mukan ji kukansa can sama kamar ana zarto a busasshen itace, ya yi shiru yana jiran amsa, ba amsa. Kaka ta ɗaga kai, ni kuwa in duƙufa kan tuwo. A raina na yi baƙo, wanda yake zuwa ƙofarmu ba don an aiko shi ba.

Rana ta tara Kaka ta daɗe tsugune. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ƙawata, kwana takwas ko ƙwaro bai taka tokar nan ba? Ko kiyashi?" Ashe gwanintar shara ce ta tona ni. Na faɗa mata komai, na roƙe ta, na ce bai ci mana ko ɗan akuya ba. Ta ce ta sani, baƙo ne mai neman nasa, kuma wataƙila da kansa zai wuce. Amma ta lissafa mini sunayen 'yan matan da suka hau dutse jiya, ɗaya bayan ɗaya, har da mai goyon ƙaninta. Sannan ta ce, "Ke kika gani, ke za ki je ki faɗa."

Na ratsa gonakin nan uku ina tafe ina tsayawa. Na durƙusa gaban Sarkin Baka na kwatanta masa girman sawun, da ɗingishin, da inda yake shan ruwa. Ya dube ni ya ce bai taɓa samun bayani mai kyau irin wannan ba ko daga bakin manya. Wallahi na ji daɗin yabon, kuma wannan jin daɗin ne ban yafe wa kaina ba har yau. Bayan kwana uku maharba suka sauko da shi rataye a sanda. Ranar ce na fara ganin fuskarsa. Gari ya yi ta guɗa, 'yan matan dandali suka ja ni cikin gaɗa a karon farko, na yi rawa, na koma gida na kasa cin abinci. Na ci gaba da barbaɗa toka har aka kai ni ɗakin miji, ba wanda ya ƙara zuwa sai dila.

A can, ko dabba ce ta wuce ƙofarka, akwai mai tashi da asuba ya duba. A nan ginin namu mutum ɗari ne ke hawa da sauka a kan siminti, ƙasa ba ta riƙe sawun kowa. Da kunne nake karatu yanzu. Akwai wani tsoho a samanmu da ke jan ƙafa daga gado zuwa taga kowace safiya, ban san sunansa ba, ban san yarensa ba. Da na yi kwana biyu ban ji shi ba, ban tsaya jiran na takwas ba: na tare Balaraba a bakin ƙofa, na ce ba za ta tafi aiki ba sai ta hau ta ƙwanƙwasa. Ta tarar da shi kwance da zazzaɓi, ya yi ta mamakin yadda aka yi wani ya sani. Har yau ban ga fuskarsa ba, amma da safe yana tafiya, ni kuma ina saurare.