Askar Kofur Sale

Cikin duk ranakun da na yi a ƙaramin asibitin Rogo, wadda har yau ba ta fita raina ba ita ce ranar da Malam Haruna ya zo neman in yi wa ƙanensa allurar barci. A tsakiyar shekarun casa'in ne, ana cirar gyaɗa. Ni malamin asibiti ne, amma mutanen gari likita suke ce mini, ni kuwa ban taɓa hana su ba. Kayan aikinmu duka-duka firji mai kananzir ne, da risho, da tukunyar tafasa allurai, sai tsohon babur ɗina da ke tashi in ya ga dama. Ku da kuke aiki yanzu za ku ce wahala ce, ni dai ina kewar lokacin.

Ƙanen nasa, Kofur Sale, soja ne da aka sallama bayan ya dawo daga yaƙin Laberiya. Na san shi tun yana zuwa hutu, takalmi na sheƙi, kai a aske ƙwal, in ya shigo kasuwa sai kowa ya san ya shigo. Amma tun da ya koma gida Jajaye sai ya shige ɗaki. Ya daina zama majalisa, abinci sai an yi da gaske, suma ta taru masa ta cukurkuɗe. A ƙauye kuwa, in magidanci ya bar suma haka, an gama yanke masa hukunci. Wasu suka ce aljanu ya kwaso a dajin can, wasu suka ce wiwi ce. Malam Haruna ya ce sun shirya kai shi gidan mari wurin wani malami, allurar kawai yake so don a ɗauke shi ba rigima.

Akwai abin da na sani wanda Malam Haruna bai sani ba. Kofur ya taɓa zuwa wurina da gudawa da tari, ya tura ƙofa ya faɗa mini an gwada jininsa a asibitin soja, an sami ƙanjamau. A lokacin babu ƙwayoyin da kuke rabawa yau, ciwon da ya taso kawai muke tara. Dokar aikinmu kuma ita ce sirrin marar lafiya nasa ne, ko ɗan'uwansa ba a faɗa wa sai da izininsa. Na roƙi Malam Haruna ya dakata zuwa wata kasuwar, na hau babur sai Karaye wurin shugabanmu. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Malam Sabo, ba za ka faɗa ba, ba kuma za ka yi allurar ba. Sauran kai ka sani." Wato dai ya ɗora mini kayan ya koma kan shayinsa.

Washegari na nufi Jajaye. Na sami Kofur kwance yana kallon bango. Muka gaisa, na ga hankalinsa garau yake, har ya tambaye ni ko babur ɗin nan bai mutu ba. Sai na tambaye shi dalilin barin sumar.

"Baba Ɗanjuma wanzami ne ya yi mini askin suna," in ji shi. "Askar da zai sa a kaina, ita zai sa a kan 'ya'yan Yaya. Ka ce in zauna masa? Ni ai na riga na mutu, likita, binnewa ce ta rage."

Mutumin da gari ke kira mahaukaci, ashe garin yake karewa. Abin da ke cinsa shi ne ciwon damuwa, wanda a makaranta aka taɓo mana shi sama-sama aka wuce. Na san in aka sa masa mari, ba zai kai baɗi ba.

Na sayo sabuwar aska wurin maƙera a kasuwar Rogo. Na kai wa Kofur, na ce masa wannan tasa ce shi kaɗai, a ɗakinsa za ta zauna, a tafasa ta bayan kowane aski. Sai dai dole wanzami ya san dalili, kuma daga bakinsa zai ji, ba daga nawa ba. Da farko ya ƙi. Da na faɗa masa shirin da ake yi a kansa, sai ya ce a kira Baba.

Tsohon ya shigo da zabirarsa a kafaɗa. Kofur ya faɗa masa komai, kansa a sunkuye. Baba Ɗanjuma ya ce, "To shi ne ka bar ni ina zaton hannuna ne ya fara rawa? Matso nan, ja'iri."

Na ba shi safar hannu, ya sa yana mita wai an mai da shi ungozoma. Kun san wanzami, hannu na aiki baki na aiki. Kafin a gama rabin kai, Kofur ya ji wanda ya yi aure, da wanda jakinsa ya ɓata, da wanda ya yi gyangyaɗi a sahun gaba. A wurin jakin nan na ji ya yi dariya. Da ya fito tsakar gida kai ƙwal, Malam Haruna ya yi ta hamdala, ya ce aljanun sun sake shi. Ban gyara masa ba, maganar mari kuma ba a sake ta da ita ba.

Ba zan ce muku ya warke nan take ba. Wata rana yakan koma kallon bango. Amma kowace Juma'a da hantsi Baba na zuwa, ni ma na mai da ziyarata ranar, daga aski su wuce masallaci tare. A haka ya koma majalisa, har ya ɗan yi noman gyaɗa kafin Allah ya karɓi abinsa. Baba Ɗanjuma kuwa, duk surutunsa, ba wanda ya taɓa jin zancen a bakinsa.

Abin da na koya ke nan: in marar lafiya ya bar wani abu da ya saba yi, ku tambaye shi dalili kafin ku ɗauko allura, ku kuma nemo wanda zai riƙa jiran zuwansa. Bayan sadakar bakwai Baba ya zo asibiti da askar a naɗe cikin ƙyalle, ya ajiye a kan teburina.

"Riƙe ta, likita," ya ce. "Wannan kan mutum ɗaya ta sani."