Keken da Ba Ya Ɗaukar Kaya

Shekarar da aka rufe iyaka ne, cikin damina, gero ya fi mutum tsawo. Manyan motoci suka tsaya cak tun daga bakin ƙofar iyaka har cikin garin Illela, direbobi suka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu suna dafa shayi. Shinkafa dai ba ta daina shigowa ba, mai kuma bai daina fita ba. Kwalta kawai suka bari, suka koma hanyoyin gona a kan babura da jakuna da kekuna. Kowa ya sani, ba mai faɗi.

Ni ba na cikin wannan harka. Shagona ƙarami ne, littattafan addini da tasbaha da turare. Karatun allo na yi, ajami ne rubutuna, boko kuwa sai abin da na tsinta a bakin yara. Allah Ya ba ni maza biyu. Babban a lokacin ya kusa shekara goma, ƙaramin bai shiga makaranta ba.

Kafin a rufe iyakar na sayi wani keke na gwanjo a Kwanni, mai kaurin taya, mai giyar canza gudu, sirdinsa siriri. Ba shi da kariyar aza kaya a baya, ba ma inda za a ɗaura ta. Ba likita ya ce in hau ba. Tun ina yaro nake son jin iska a kunne, kuma na ga shekaru suna tafiya. Na samo wa babban wani ƙaramin keke daidai ƙafarsa. Ƙanen kuwa matashin kai na naɗe a sandar gaba da tsohon rawani, nan yake zama.

Duk ranar da ba makaranta, daga masallacin asuba sai shiri. A nemo takalmin ƙaramin, wanda kullum ƙafa ɗaya ke kwana a wani wuri dabam. A wanke masa fuska yana ture hannu. Babban ya riƙe famfo yana ba tayoyi iska, yana latsa su da yatsa kamar wani tsohon mai faci. Uwarsu ta ce in an dawo mata da yaro da ƙaya a ƙafa ba ruwanta. Mu yi addu'ar hawa mu fita, wata rana wajen Araba, wata rana Gidan Katta. Akwai wata ruga da muke tsayawa, wata dattijuwar Bafulatana ta dama mana fura, yaran su yi faɗa a kan ludayi. In rana ta ɗaga mu juyo. Iyakar abin ke nan.

Mai facin unguwarmu ne ya fara tambaya. Ya zagaya keken, ya leƙa bayansa.

"Malam, wanga keke ina ake aza mishi kaya?"

"Ba a azawa."

"To shi amfanin mi gare shi?"

"Hawa."

Ya dube ni, ya dubi keken, ya ce Allah Ya kyauta. Na ɗauka wasa ne.

Maƙwabcina, wanda katanga ɗaya ta raba mu, Alhaji ne mai jiki, mai yaran aiki da babura da yawa a kan hanyar gona. Mun shekara da shekaru muna gaisawa, matanmu suna aron turmi. A cikin wannan damina aka tare masa kaya a hanyar Gidan Katta. Ba a jima ba aka sake tarewa. Kuma duk biyun, da safiyar ranar mun bi ta wurin da yarana, mutane sun gan mu.

Na fara lura da cewa in na doso majalisar ƙofar masallaci bayan la'asar, hira sai ta koma ta ruwan sama da tsadar taki. Ana amsa sallamata, ana matsa mini wuri, wurin ma ya fi na da faɗi. Wata rana ina cire takalmi Alhaji ya yi magana, idonsa a kan tasbaharsa.

"Ni dai abu guda ka ɗaure min kai. Mutum ya hita ba kaya, ya komo ba kaya, kullum. To abin da ya ɗauka a baki yake."

Ba wanda ya yi dariya. Ba wanda ya ce ya bari. Na ce, "Alhaji, da ni kake?" Ya ce shi bai kira sunan kowa ba.

Daga ranar nan ni ma na koma mai zargi. Mai shayin kwana in ya dube ni, in ce ƙirga fitata yake. Matar da ta shigo aron rariya, in tambayi uwar yara me ta tambaya. Wani ya zo shago ya juya littafi bai saya ba, na bi shi da ido har ya sha kwana. Na roƙi Allah Ya raba ni da wannan, don na san zato zunubi ne, amma yana dawowa kamar ƙuda.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya tsaya mini a rai a cikin gidana yake. Babban ya daina taɓa famfo. Ran farko ya ce ciki, ran na biyu ya ce ƙafa. Daga baya uwarsa ta gaya mini cewa a wurin ƙwallo ba a saka shi, yaran Alhaji suna ce masa ɗan mai rahoto. Na kira shi zaure na zaunar da shi. Ban fara magana ba ya riga ni.

"Baba, in mun tsaya shan hura, kakan koma bayan itace da waya. Wa kake kira?"

Kakarsa nake kira, mahaifiyata, a Darna. Tana tashi da wuri, kunnenta ya yi nauyi, sai na ɗaga murya, shi ya sa nake matsawa. Na gaya masa haka. Na nuna masa wayar. Ya duba, ya ce, "To." Na san wannan to ɗin. Irinsa nake ce wa mai kawo turaren da na san an sirka.

Mutanen gari su ɗauke ni yadda suka ga dama, hisabi na wurin Allah. Amma yaron da na yi wa huɗuba a kunne yana kallona ta gefen ido a kan tabarmar cin tuwo, wannan ban san yadda zan ɗauke shi ba. Na ce wa uwarsu zan jingine keken. Ta ce, "Malam, in ka bari yanzu, cewa za a yi an gano ka. Shi ma haka zai ce." Na ga gaskiyarta. Na ci gaba da fita, ni da ƙaramin kaɗai.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, mun bar gari kaɗan, ƙaramin ya ce, "Baba, wani na bin mu." Na ce ya dubi gaba. Na riga na ji. Wani tsohon keke ne ke kuka a bayanmu, sarƙarsa ba mai, in mun tsaya ya tsaya. A wata kwana na saci kallo. Alhaji ne, ya tattare babbar riga a kafaɗa, a kan keken mai facin nan. Babur zai tona shi da ƙara, shi ya sa ya aro keke. Rabonsa da feda kuwa, ina jin tun kafin ya yi aure.

Ban ƙara gudu ba, ban rage ba. Na ɗauki hanyar Araba ta cikin yashi, wadda muka saba. Ina jin nishinsa daga nesa.

A inda hanyar ta ratsa tsakanin gonaki biyu muka ci karo da masu sintiri, su uku, motarsu a ƙarƙashin wata bishiya. Kukan keken baya ya ɗauke. Babbansu ya ɗaga hannu, na sauka, na sauke yaro. Hausarsa ba ta wajenmu ba ce.

"Ina za ka, Malam?"

"Yawo."

"Yawon me?"

"Hawan keke kawai."

Ya dubi abokan aikinsa. Shi ma bayan keken ya fara leƙawa, kamar mai faci. Suka kwance rawanin, suka matse matashin kai ta kowane gefe. Suka zare sirdi suka leƙa cikin bututun. Ɗaya ya sace iskar tayar gaba ya bi ta da yatsu. Aikinsu suke yi, kuma ban ga laifinsu ba. A wannan hanya, a wannan shekara, mutum ba kaya ya fi mai kaya ban tsoro.

Da ba su sami komai ba, babbansu ya sassauta murya.

"Tunda kullum kana bin nan, ka san masu wucewa da kaya. Su wane ne?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, yashi nake kallo kada in kā da yaro. Na fito hawan keke ne, ban fito ƙirga mutane ba."

Ya ce in yi tunani. Na ce na yi.

A nan ne ƙaramin, wanda ya ga an wulaƙanta masa matashi, ya nuna gona da yatsa.

"Ga Alhaji can cikin gero. Shi ma a duba nashi."

Gero ya motsa. Alhaji ya fito yana jan keke, laka har gwiwa, hularsa a karkace, numfashi yana neman gagararsa. Babban masu sintirin ya gyara tsayuwa.

"Wannan fa? Me yake yi a ɓoye?"

Alhaji ya juyo. Idonsa a kaina. Na ce, "Maƙwabcina ne. Tun daga gida yake biye da mu. Bai saba ba, yashi ya gajiyar da shi." Ban yi ƙarya ba ko ɗaya, na gode wa Allah a kan haka. Suka duba kekensa, suka yi masa dariyar tumbi, suka sallame mu.

Famfo yana gida wurin mai shi da ya yi fushi, don haka da ƙafa muka koma, kowa yana tura kekensa, yaro a kan sirdin Alhaji don nawa ba iska.

Na zaci magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. A majalisa Alhaji ya daina jifa da magana, amma bai janye ta farko ba. Na shiga tunanin ko cewa yake shiri ne muka yi da masu sintiri don a rufe masa ido. Babban ya ji labari a bakin ƙanensa, ya ce yaro ne, bai san abin da ya gani ba.

Sai ga shinkafa an aiko daga gidan Alhaji, cikin babban kwano. Na ce a mayar. Da yamma ya tare ni a ƙofar gida.

"Malam, kyauta ake maidowa?"

"Ba shinkafa ka ɗauka min ba, Alhaji."

"To in tashi cikin majalisa in ce na yi kure?"

"Majalisa ba ta hana ni barci. Yaro gare ni a cikin gida da ba ya yarda da ubansa. Ta bakinka abin ya shiga, ta bakinka zai fita."

"Ni, da gemuna, in tsaya gaban yaro?"

Na ce ban matsa masa ba. Ina binsa bashi ne kawai, kuma ya sani.

Aka yanke gero, aka ɗaure dammuna, bai zo ba. In mun haɗu a sahu ya ba ni hannu yana kallon wani wuri. Na fara sabawa da cewa sai a gaban Allah za mu warware.

Wata safiyar Asabar ina naɗa matashi a sanda, na ji kukan sarƙar nan a ƙofa. Alhaji ne, wannan karon da 'yar shara da wando, da keken mai faci. Ya yi sallama, ya ce a kira masa babban. Yaron ya fito ya durƙusa ya gaishe shi. Alhaji ya jingine keken, ya tsuguna da ƙyar har kansu ya zo daidai.

"Kai, saurara. Maganar da anka yi ta yi a kan babanka, ni na fara ta, kuma ba gaskiya ba ce. Na bi shi da ƙahwata. An tambaye shi sunaye a gabana, ina cikin gero kamar ɓarawon akuya, bai ba da ko guda ba. Nawa ma da ke hannunai bai ba da ba. Na hwaɗa ma ɗiyana jiya. Yanzu na hwaɗa maka."

Yaron ya dube shi, ya daɗe. Sannan ya dube ni, da ido biyu, ba ta gefe ba.

Alhaji ya dafa bango ya miƙe. "Malam, na biya?"

Na ce, "Ka biya. Allah Ya yafe mana baki ɗaya."

"To a ba ni ruwa. Daga gidana zuwa nan ma na gaji."

Babban ya shiga ciki. Ya fito da moɗa a hannu ɗaya, famfo a ɗayan. Ya latsa tayar kekensa da ta daɗe a jingine, ta lotse har ƙasa. Ya latsa ta Alhaji, ya ce ita ma ba iska, shi ya sa yake wahala. Ya durƙusa ya fara da ta baƙon.