Bindiga a Cikin Tabarma

Shekarun baya, lokacin da rikicin siyasa ya yi zafi a Kumasi har mutum ke tsoron fita da sanda, ni kuma sai sha'awar harbi ta kama ni. Abokina tsohon soja ne, shi ya cusa mini ita. Ni da nake tela, ban san komai ba sai allura, amma na nace sai na mallaki bindigar iska in riƙa harbin gwangwanin madara a bayan gari.

Ta kantin Turawa ta fi ƙarfin aljihuna. Sai abokina ya kai ni unguwar Bantama wurin wani tsohon akawu Ba'asante mai sayar da tasa. Gajeriya ce, gindinta ya sha hannu. Abokina ya lanƙwasa bakinta ya ɗana ta, ya saurari ƙarar sifirin, ya harbi gwangwani sau uku bai kuskure ba. Dattijon ya ce da karyayyar Hausarsa, "Masta, wannan shi na da kyau paa, sosai. Jaka kawai babu." Na ce jaka ai ba ta harbi, na biya.

A kwanakin nan, duk wanda aka gani da bindiga sunansa ɗan ta'addar jam'iyya, kafin ya yi bayani ya sha duka. Don haka na naɗe ta da ragowar farin yadi, na nannaɗe da 'yar tabarma, na rungumo a hannu biyu. Abokina ya wuce aikinsa, ni ina ta yaba wa dabarata.

Na shigo unguwarmu Akwatialine, sai na ga masu hira suna miƙewa. Wani ya ce, "Innalillahi." Wani ya sa takalmi ya biyo ni. Sai a lokacin na tuna haka ake ɗaukar gawar jariri, kuma kowa ya san 'yata ta wata biyu ta kwana uku tana zazzaɓi. Kafin in kai kwanar masallaci mutane sun yi sahu a bayana, ga ɗan sanda a bakin titi ya cire hula don girmamawa. In na buɗe baki na shiga uku, sai na ƙara sauri.

A kwanar nan mahaifiyata ke sayar da koko. Ta dubi tabarmar, ta dubi jama'a, ludayin ya faɗi daga hannunta. Ba ta yi kuka ba. Ta dafa bango, ta ce a hankali, "Da safe fa na ba ta magani."

Ban san sanda na durƙusa na warware tabarmar ba. "Mma, duba! Bindiga ce, wallahi bindiga ce!"

Ɗan sandan ya mayar da hularsa ya nufo ni, wani a baya ya ce a riƙe ni. Limaminmu ne ya shiga tsakani, ya ce ya san ni tun ina cikin tsumma, wannan bindiga kuma ko kurciya ba ta kashewa sai ta yi sa'a. Duk da haka na yini a caji ofis, kuma ban sake ganin bindigar ba.

Da na dawo gida na tarar da mahaifiyata da jaririyar a cinya, ta ƙi bai wa kowa. Ba ta zage ni ba, na so ma ta zage ni. Cewa kawai ta yi, "Da ka wuce ni ba ka buɗe ba, da tawa gawar za ka ɗauka."

'Yar nan yau tana da jikoki. Ni kuwa tun ranar ban sake naɗe tabarma na rungume ba, ko ta salla ce a kafaɗa nake ratayawa.