Kawu Iddi, Mai Ƙarasa wa Mutane Magana

Ku da kuka san Kawu Iddi kun san bai taɓa barin mutum ya kai ƙarshen maganarsa ba. Kana buɗe baki zai ɗaga hannu ya ƙarasa maka, kuma abin haushin, sau da yawa yakan dace. In bai dace ba, to kai ne ka yi kuskure. Ko wajen mai tuwo muka je a unguwar Gumbihini, kafin in zauna ya riga ya ce a zuba mini miyar ayoyo. Na sha gaya masa ba na cin ayoyo. Sai ya ce ai ban faɗa da wuri ba, wanda bai zaɓa ba kuwa dole a zaɓa masa.

Ni ce Ayishetu, 'yar ƙanwarsa, mai shagon buga takardu a unguwar Jisonayili, nan Tamale. Ban san wanda ya sha wahalar wannan bawan Allah kamar ni ba.

Halin nan nasa ne ya kwasa ya zuba a kwamfuta. Mu masu buga takardu a Tamale kusan abu ɗaya muke bugawa kullum: katin suna, katin aure, sanarwar addu'ar mamaci, takardun kotu. Sai Kawu ya zauna ya haɗa wani ɗan ƙari da ake ɗora wa manhajar rubutu, wanda in ka fara kalma zai ƙarasa maka ita. Ya sa masa suna Ƙarasa. Ya zuba shi a filasha, ya rataye ta a wuya kamar laya, ya hau babur yana bin shaguna yana saka wa mutane. Lambar wayata ya ba kowa, wai shi ba ya son surutu. Don haka shi ke ta'adi, ni ake kira.

Ba zan ci hakkinsa ba, Ƙarasa yana rage aiki. Matsalar ita ce saitin da yake zuwa da shi. Ba ya jira ka buga harafi biyu ko uku, daga na farko yake tsalle ya faɗo. Ka danna maɓallin sauka sabon layi, shi a wurinsa ka amince ke nan. Kuma Kawu ya yanke hukunci cewa duk sunan da ya fara da A a kan kati, Alhaji ne a gabansa.

Haka Mma Sanatu, mai shago a unguwar Bulpiela, ta buga wa wani mahauci katin sunan ɗansa, aka wayi gari ana gayyatar jama'a raɗin sunan Alhaji Abdul-Rashid. Mutumin ya zo da katunan a hannu yana huci, ya tarar da Kawu a bakin shagon, aka ce masa ga mai aikin nan.

"Malam, yarona ko ido bai buɗe ba sosai, kai ka kai shi Makka?"

Kawu bai ko ɗaga kai ba. "Zai je. Ni riga shi kawai na yi."

Ƙarshe amin mahaucin ya ce, ya tafi da katunansa. Har yau Alhaji ake kiran yaron a layinsu.

Na yi ta roƙonsa ya ba mutane wurin da za su gyara abin yadda suke so. Mai son ya jira harafi uku ya sa uku, mai son kashe Alhaji ya kashe. Da ƙyar ya yarda, yana gunaguni wai mun raina masa aiki. Muka yi murna, ashe da sauranmu. Duk lokacin da ya zo da sabon zubi a filashar nan, sai ya share saitin kowa ya mayar da nasa. Ka ɓata yini kana daidaita kwamfutarka, Kawu ya leƙo gaisuwa, kafin ya fita komai ya koma yadda yake.

Ta kai Mma Sanatu in ta ji ƙarar baburinsa sai ta kashe kwamfuta da fitila, ta ce masa an ɗauke wuta. Wata rana ya shigo fankar sama ba ta gama juyawa ba. Ya dubi fanka, ya dube ta, ya ce ba komai zai jira. Ya zauna a benci ya cinye mata gyaɗa tas, har wani ya zo da aikin gaggawa, dole ta kunna. Da yamma ta kira ni tana faɗa kamar ni na haife shi.

Ranar ce na same shi a gida, raina a ɓace.

"Kawu, kwamfutar nan ta Mma Sanatu ce ko taka?"

"Kwamfuta tata ce," in ji shi, "amma hankalin da ke ciki nawa ne."

Ya ce in tuna masu koyon aiki, waɗanda ba su ma san akwai wani saiti ba. Su wa zai zaɓa musu, in ba wanda ya san aikin ba? A nan kam yana da gaskiya, kuma na ji haushin hakan. Na ce to ya zaɓa wa wanda bai zaɓa ba, amma wanda ya riga ya zaɓa ya ƙyale shi. Ya yi fushi, ya daina zuwa cin abinci gidana, sai dai ya aiko a karɓar masa. Amma daga baya ya gyara, saitin mai kwamfuta ya hau kan nasa.

Abu ɗaya ne ya kulle ya ƙi ba kowa mabuɗi. Duk inda ka rubuta marigayi ko marigayiya ka sa suna, addu'ar jin ƙai za ta faɗo da kanta a bayan sunan. Ba inda za ka kashe ta, sai dai ka bi ka goge da hannu. A katin addu'a wannan daidai ne. Amma a takardar rabon gado, inda sunan mamaci ke dawowa kusan kowane layi, abin yakan zama aiki. Wani magatakarda ya taɓa dawo mini da takarda ya ce kotu ba masallaci ba ce. Na kai wa Kawu ƙara.

"Shi mamacin ya yi ƙorafi?"

"Kawu, yaya za a yi mamaci ya..."

"To shi ke nan," ya katse ni.

Na gaji, wallahi na gaji. Na yi wa Mma Sanatu alkawari duk ranar da abin ya zo hannuna, wannan kullen zan fara ɓallewa.

Ya kuwa zo hannuna. Kawu ya kwanta jinya ba daɗewa, ya cire filashar daga wuyansa ya miƙo mini. Na buɗe baki zan yi magana ya ce ya sani, zan ce zai warke, to ba zai warke ba, in riƙe. Ya dace, kamar kullum.

Ni aka ba aikin buga sanarwar addu'arsa. A kwamfutata na kashe duk abin da ake iya kashewa na Ƙarasa tuntuni, ni kaɗai nake rubutuna. Na buga marigayi, na buga cikakken sunansa, Iddrisu Fuseini. Kafin in ɗaga yatsa sai ga shi ya faɗo: Allah ya ji ƙansa. Na zauna ina kallon layin nan, ina kuka ina dariya. Ko a nan sai da ya riga ni.

Na cika alkawari, domin kwamfutar dai ta mai ita ce. Na cire kullen, amma na bar addu'ar a kunne ga duk wanda aka saka wa Ƙarasa. Mai son kashe ta ya je ya kashe da hannunsa.

Mma Sanatu ta zo har shagona in nuna mata wurin. Na nuna mata. Ta daɗe tana kallon allon, yatsanta a kan maɓalli, sannan ta janye hannu ta gyara mayafi.

"Bari dai sai bayan arba'in," in ji ta.

An yi arba'in tuni. Jiya ta turo mini wata takardar gado in duba mata, na ga addu'ar tana nan a bayan kowane suna, ko ɗaya ba ta goge ba.

Allah, ga Iddi nan ya zo gare ka, bawanka mai gaggawa. Ya sa an roƙa wa mamatan da bai sani ba rahama, ko masu rubutun suna so ko ba sa so. Ka ji ƙansa, ka haskaka makwancinsa, abin da ya bari bai ƙarasa ba ka ƙarasa masa da alheri.