Kwamfutar Abbas Mai Ladabi

Duk Ƙofar Sauri an san Abbas da abu biyu: gaisuwa da kwamfuta. Idan ya fara gaishe ka, to nemi wurin zama, don har akuyar gidanku sai ya tambaya. Shekarar da soja suka miƙa mulki kuwa kakarsa ta yanke saƙa, kowane ɗan siyasa fosta yake so, shi kuma ga shago ga na'ura. Tafiya ma da tsalle yake yin ta.

Rawar kai ta sa ya rubuta wa kwamfutar wani ɗan umarni da zai riƙa duba fayil kafin a fitar da faifai. Abokinsa Nasiru ya ce ya sa ta ba da amsa uku: babu fayil ɗin, ko yana nan amma fanko, ko yana nan ga girmansa. Abbas ya ce Allah ya kiyaye, na'urar Bakatsine ba za ta tari mutum da mugun labari ba. Ya tsara ta da zarar ta ga sunan fayil ta ce lafiya lau, kamar yadda mai tarbiyya ke amsa gaisuwa ko da zazzaɓi na kaɗa shi.

Sai ga Alhaji Tanko, sabon kansila, mahaifin Ramla wadda Abbas ke mutuwar so, ya kawo aikin fostar ranar rantsuwa. Wayyo daɗi! Abbas ya ga aure ya zo har shago. Ya zuba basira, yana cikin adanawa wuta ta ɗauke. Da ta dawo ya tambayi kwamfuta, ta ce lafiya lau. Ya miƙa wa direba faifai zuwa maɗaba'a a Kano, ya bi layi yana raba goro ba gaira ba dalili.

Ana gobe rantsuwa faifai ya dawo ba fosta ko ɗaya. Sunan fayil na nan daram, cikinsa wayam.

Ya tafi zauren Alhaji, ya tarar da 'yan siyasa ana ta ranka ya daɗe. Ya durƙusa ya yi gaisuwarsa mafi gajarta tun da aka haife shi. Alhaji ya tambayi aiki. Lafiya lau ta zo masa har leɓe, ya haɗiye ta da ƙyar.

"Baba, sunan aikin na nan, amma babu komai cikinsa. Laifina ne."

Sai Alhaji ya tuntsire da dariya har hularsa ta karkace. Ya ce tun da ya ci zaɓe, ko rijiyar unguwa ya tambaya sai a ce masa lafiya lau, alhali ta ƙafe.

"Fosta dai ka ɓata mani, ja'iri. Amma turo manyanka."

Da gudu Abbas ya koma shago, takalmi a hannu. Kafin ya gaya wa kowa, sai da ya zauna ya koya wa kwamfutar cewa babu.