Bargon da Ya Yi wa Iya Tsawo

Kowa a gidanmu yana da wani abu da hannun Umma ya saƙa, ban da ni. Ƙannena da 'ya'yansu, har jariran maƙwabtanmu a Kazaure, babu wanda bai sa hula ko safa ko rigar sanyi ta Umma ba. Ba ƙiyayya ba ce, babu kuma wanda ya taɓa ɗaukar ta haka. Ni ce 'yar fari, Umma kuwa tana cikin matan da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta faɗin sunana, ba ta yabona, ba ta miƙo mini kyauta. Ana yaye ni aka kai ni Roni wurin yayarta, wadda muke kira Iya, a can na girma. Shi ya sa har yau in Umma za ta ambace ni sai ta ce "'yar Roni."

Na san al'ada ce, ina kuma ganin girmanta. Amma ba zan ɓoye ba, abin yana ci mini rai, ga shi na haifi nawa 'ya'yan har furfura ta fara leƙo mini. Da sanyin ƙashi ya kama yatsun Umma, ta fara cewa in ta gama abin da ke hannunta ta ajiye kwarashi da allura ke nan, sai na ji hankalina ya tashi. Wato shi ke nan, za ta daina ban samu ko da tafin hannu ɗaya na aikinta ba. Sau ɗaya na faɗi wannan a fili, kuma autarmu na faɗa wa, wadda cikinta ba ya riƙe magana.

Ba a jima ba sai ga auta da shawara. Ta ce mu mata mu bar mazaje da yara su ji da kansu, mu tafi gidan Iya daga Juma'a zuwa Lahadi, mu zauna mu yi ɗinki da saƙa tare da Umma tun tana iyawa. Lokacin an yanke gero, ana cire gyaɗa. Bayan an sauko daga masallaci muka hau motar haya, ni da Umma da auta, daga bakin titi 'yan acaɓa suka ƙarasa da mu. Ƙanwata mai bi mini, wadda ke aure a Babura, ta riga mu isa, ta zo da buhu guda na ƙyallayen atamfa da ta roƙo wurin telanta. Matar ƙanenmu ta taho daga Gwiwa da kaba da rini, ta ce ita faifai za ta saƙa, ba ruwanta da allurar da za ta tsire mata yatsa.

Aka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiyar tsakar gida, Iya ta dire mana ƙwaryar dafaffiyar gyaɗa. Auta ta ɗauki zaren saƙa tana yi wa ɗanta hula, wadda ta fito kamar marfin tukunya, muka yi ta yi mata dariya. Babban aikin dai bargo ne na haɗin ƙyallaye, wanda ba a ce na wane ba ne. Umma ce mai tsarawa. Ita ke duba ƙyalle ta ce wannan ya zauna kusa da wancan, mu kuma mu haɗa layi-layi, mu miƙa mata ta duba. Cikin ƙyallayen har da ragowar ankon bukukuwan gidanmu da kowa ya tono daga ƙasan akwati, ana ɗaga ɗaya sai hira ta ɓalle, a tuna wadda ta yi rawa har ɗankwalinta ya faɗi. In ɗinkin ƙannena ya karkace Umma ta yi musu tas. In nawa ne, sai ta ajiye shi gefe ba ta ce uffan ba, Iya ta ɗauka ta warware tana zagina cikin raha, wai hannun riƙe alli ne da ni, allura ba ta san ni ba. Na daɗe ban yi dariya irin ta yammacin nan ba.

Ranar Asabar da hantsi, aiki ya yi nisa, bargo ya fara nuna kamanninsa, sai auta ta gyara zama. Ina ganin yadda take murmushi na san akwai magana a bakinta.

"Umma," in ji ta, "bargon nan fa na Yaya ne. Kin yi wa kowa, ita kaɗai ce ba ki taɓa yi wa komai ba. Ki ɗinka mata bakinsa da hannunki, ki miƙa mata muna gani."

Umma ba ta kalli kowa ba. Ta soke allurar a jikin ƙyalle, ta ce yatsunta sun dame ta yau, ta miƙe ta nufi bakin rumbu. Can muka hango ta ta jawo kwando tana ɓarar gyaɗa, da yatsun nan da ta ce suna ciwo.

Na ja auta bayan ɗaki, raina a ɓace.

"Wa ya aike ki? Ke da kika tashi a gabanta ba ki san halinta ba?"

"Wallahi Yaya don ke na haɗa tafiyar nan gaba ɗaya. Na ɗauka in an faɗa a gaban kowa ba za ta iya ƙi ba."

"A gaban kowa ne ai ba za ta iya yi ba! Da kin yi shiru, da ko layi ɗaya ta ɗinka na ce ina da rabo a ciki. Yanzu kin sa masa sunana, ko taɓa shi ba za ta sake yi ba."

Auta ta fashe da kuka, ni ma na bi ta, muka tsaya bayan ɗaki muna share hanci kamar yaran da aka hana zuwa kasuwa. Har azahar babu wanda ya koma kan bargon. Aka ci ɗanwake ba hira, mai faifai kaɗai ke ta aikinta, kanta a sunkuye.

Bayan la'asar Iya ta fito daga ɗaki tana ɗaura ɗankwali, ta tsaya a kan bargon ta riƙe ƙugu, ta ɗaga murya yadda har na bakin rumbu zai ji.

"Ku 'ya'yan zamani ba ku da ta ido. Kun zo gidana, kun cinye mini gyaɗa, kun cika mini tsakar gida da zare har kaji na harɗewa, sannan ku naɗe bargo ku tafi da shi Kazaure? Ni da sanyi ke shiga ƙashina tun ba a fara shi ba? To bargon nan nawa ne. Mai ja da ni ta fito."

Babu wadda ta fito. Daga bakin rumbu muka ji Umma ta ce, "Gaskiyarki, Adda." Ta kaɗe ɓawon gyaɗa daga zanenta, ta wanke hannu, ta dawo ta zare allurarta daga inda ta soke ta.

Na ji daɗin dawowarta, amma zuciyata ta yi nauyi. Iya mace ce da in ta ce abu nata ne, to nata ne, ko akuyar maƙwabta ce sai an kai ruwa rana. Na ce wa kaina shi ke nan, aƙalla an wanke Umma daga kunyar da muka jefa ta, bargo kuma ya tafi inda ya dace. Na ci gaba da haɗa layina.

Da safiyar Lahadi aka baje bargon a kan tabarma domin a sa masa shafi a kalmashe baki. Umma ta durƙusa ta auna shi da kamu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, tun daga sama har ƙasa. Ta sake aunawa. Sai ta girgiza kai.

"Bai kai ba. A ƙaro layi."

Ƙanwata ta Babura ta buɗe baki. "Umma, ai ko yanzu Iya ta shiga ciki sai an..." Ba ta ƙarasa ba Iya ta mintsine ta a cinya.

"Ƙafa za ta fito," in ji Umma, idonta a kan ƙyalle.

Iya dai gajeriya ce, da kaɗan ta ɗara turmi. A duk zuriyarmu mace ɗaya ce doguwar da kowane bargo ke bari ƙafarta a waje, ni ce kuwa. Aka ƙara layi, Umma ta auna, ta ce a ƙara wani. Da aka ƙara ta sake aunawa, sai ta ce ya isa. Na dubi tsawon, na san in na kwanta a gefensa daidai ni ne, har da ɗan abin da za a naɗe ƙafa. Matar da ban taɓa kamawa tana kallona ba, ashe ta san tsawona da kamun hannunta. Na tashi na shiga madafa na ce hayaƙi zan duba, alhali ko wuta ba a hura ba.

Bakin bargon Umma kaɗai ta ɗinke shi. Ƙanwata ta Babura ta ce ta kawo ta taya ta, ta ce a'a, ɗinkin baki hannu ɗaya yake so. Takan tsaya ta shafa man zafi a yatsu, ta murza su, ta koma. Muna zaune kewaye da ita, wannan na sa mata zare a allura, waccan na riƙe mata gefe, babu mai cewa komai sai hirar gyaɗar bana da ta yi kyau. Sai da rana ta take tsaka ta ƙulla zaren ƙarshe ta gatsa shi da haƙori.

Da muka yi haramar tafiya, Iya ta yafa bargon ta yi taku biyu, rabinsa na jan ƙasa.

"Kai, wannan ai in na lulluɓa da shi sai a neme ni a rasa," in ji ta. "Ga nauyi kamar buhun gero. Ke, ɗauke mini shi daga nan, kya rage mini kaya." Ta dunƙule shi ta tura mini a ƙirji.

Umma na can gefe tana ta ɗaure bakin jakarta, jakar da tun ɗazu a ɗaure take. Na rungume bargon, na gode wa Allah da ya nuna mini wannan rana Umma na da rai. Na gode wa Iya, wadda ta san yadda ake ba mutum abu ba a kunyata mai bayarwa ba. Har auta na gode wa, da bakinta da ba ya shiru, domin ba don ita ba da babu wanda ya zo Roni.

'Yan acaɓa suka iso ƙofar gida. Ina tsaye dab da Umma, kafaɗata na kusan taɓa tata, sai ta juya wajen auta.

"Ki faɗa wa 'yar Roni kada ta wanke shi da ruwan zafi. Jan ƙyallen nan yana zuba."

Na dubi auta.

"Ki ce mata na ji."