Taɓon Da Na Shafa a Ƙafar Nomau

Ranar Talata ce, gero ya kai kafaɗa. Da hantsi na zaunar da maigidana Nomau a kan turmi ina canza masa ɗauri. Kwana uku ke nan da hauya ta sare shi a ƙwauri. Malamin asibiti a Gatawa ya ba mu goz, wani farin ƙyalle mai raga-raga da ake rufe ciwo da shi ya sha iska. Ya ja mini kunne sau biyu: kada ƙasa ta taɓa shi. Na naɗa sabo, na rufe sauran huɗu a cikin langa. Nomau sai kallon ƙafar yake yi, na ce masa ko ango bai kai shi yanga ba.

Ƙarfe tara muka ji babura daga gabas. Ba ɗaya ba, ba goma ba. Sai harbi. Wani ya ƙwala ihu: "Ku hita! Ga su nan!"

Na kama hannunsa muka faɗa gonar gero ta bayan gida. Ba ya iya gudu. Muka yi rarrafe har bakin fadama, muka kwanta a kwarin kunya. 

Wajen ƙarfe goma 'yan bindigar suka shigo gonar a ƙafa. Ina jin karan gero yana karyewa. Ɗaya ya yi tsawa: "Duba can! Mi na hwari?"

Na waiga. Tufafinmu duk sun rine da ƙasa. Ƙafar Nomau kaɗai ke haske a cikin ganye. Na tuna maganar malamin asibiti, wallahi na tuna. Na damƙo taɓo na shafe goz ɗin, na ƙara, na danna har ya shige ragar. Nomau ya ciji hannun rigarsa, bai yi ko tari ba. Suka wuce mu da taku kaɗan.

Bayan azahar muka miƙe. Kwana biyu muna bin daji, yana dafe da kafaɗata. Na wanke ciwon da ruwan tafki, na yage gefen zanena na ɗaure. Ƙafar ta kumbura, ta fara wari. A asibitin Isa aka kwantar da shi. Rana ta huɗu bakinsa ya ƙage, ko ruwa ba ya wucewa. Ranar Alhamis ta sama aka yi masa sutura.

Bayan kaka na koma gida tare da ƙanensa. An ƙone rumbu biyu, an kore awaki bakwai. Ɗakina babu jinka. Langar tana nan a ƙarƙashin toka, murfinta a rufe. Na buɗe. Guda huɗu, farare tas, ƙasa ba ta taɓa su ba.